Ƙwaƙwalwar Saniya a Fantekar Gaisuwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarina. Wanda yau ne zuwansa na farko ya matso kusa, bai makara ba. Zan faɗa masa ko ni wace ce a gurguje, sannan mu shiga abin da ya faru wata Asabar a daminar 1977. Ranar ce ni Zubaidatu, wadda ko a aji aka yi tambaya sai in sunkuyar da kai alhali na san amsar, na ɗauki fanteka a gaban mahaifina na fice daga gida ba tare da an sallame ni ba.

Ni ɗaliba ce a jami'a, a Samaru, ina digiri na biyu a sashen nazarin halittu. Gidanmu yana Sabon Gari, can bayan kasuwa. Mahaifina Malam Ahmadu malamin Larabci ne, kuma shi ke jan salla a masallacin layinmu. Sunan mahaifiyarsa, marigayiya Inna, aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa furta sunana ba. Uwata yake ce mini.

Sai kun ɗan yi haƙuri da ni in gaya muku aikina, don shi ya jawo komai. Jikin mutum, da na saniya, da na albasa, duk da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina su, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da zarurruka sirara a cikinta. Su ne ƙashinta, su ke riƙe da siffarta kamar yadda azara ke riƙe da rufin soro. In lokacin rabuwarta gida biyu ya yi, sai ta warware zaren nan kaf, ta sake saƙa shi ya zama wani abu mai tumbi a tsakiya da tsini a baki biyu. Shi zai ja gadon da ke cikin ƙwayar ya raba shi daidai, rabi nan, rabi can.

Tambayata ita ce, wa ke ce wa zaren ya warware? Malamina, Dakta Amaechi, yana zargin wani enzayim. Enzayim sinadari ne da jiki ke haɗawa da kansa, aikinsa ya sa abu ya faru da sauri kuma a kan lokaci. Wanda muke bi ɗin, ɗan guntun wani sinadari mai suna fosfet yake liƙa wa ƙananan maɗauran da ke riƙe zaren, kuma muna zaton da zarar ya liƙa sai ɗaurin ya saki. Amma zato ba ya ba mutum digiri. Sai na nuna a kwalba.

Inda zaren nan ya fi yawa kuwa, ƙwaƙwalwa ce. Kuma ba ta kwana ba. Sai wadda aka ciro da ɗuminta aka jefa cikin ƙanƙara nan take. In ta jima a waje, zaren ya mutu, sai dai a yi farfesu.

Abin da ya kai ni kwata ke nan.

Ba zan manta zuwana na farko ba. Na tsaya a gefe da koren flas ɗina cike da ƙanƙara, na ja gyale har kan hanci, takalmina na roba yana nutsewa cikin ruwan jini. Mahauta na ta kaiwa da komowa, wuƙaƙe na ƙara a kan dutse, ni kuwa na rasa wanda zan tunkara. Sai wani dogo mai farar rigar aiki da takalmin ruwa ya tsaya a gabana.

"Malama, ɓatan hanya ne ko nama ake so?"

"Ƙwaƙwalwa," na ce, ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Subhanallahi. Taki ce ta ƙare?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi ne Dalhatu. A Shika yake aiki, wurin binciken dabbobi, amma kafin ya wuce yakan biyo kwata ya duba shanun mahaifinsa, Alhaji Umaru. Da na yi masa bayani bai sake yi mini dariya ba. Ya kai ni gaban Alhaji, dattijo gajere mai furfura a gemu da hannuwa kamar taɓarya. Tun daga ranar, duk zuwana shi da kansa yake fasa mini kai ɗaya, a hankali, ya ciro ƙwaƙwalwar ba ko ƙwarzane. Matan da ke dafa kai ba sa son fasasshe, don haka kunya ba ta taɓa bari na roƙi fiye da ɗaya ba.

Matsalar ita ce ɗaya ba ta isa. In na gama tacewa, ɗan abin da ke kwanta mini a gindin kwalba bai kai in raba shi biyu in gwada wannan da wancan ba. Wata rana Dalhatu yana raka ni bakin titi na yi suɓul da baka.

"Da zan samu shida rana ɗaya, da na gama aikin nan."

"Shida kacal? Ni na ɗauka garke za ki ce."

Na manta da maganar. Ashe shi bai manta ba, kuma bai riƙe ta a cikinsa ba.

Ba sai na ɓoye muku ba, rakiyar bakin titi ta zama zance. Da Dalhatu ya ce yana so manyansa su shigo, na gaya wa mahaifiyata Iya, Iya ta gaya wa Baba, Baba kuma ya aika wa yayarsa Goggo Bilkisu da ke cikin birni. Goggo ba ta ɓata lokaci ba. Ta sa aka bi mata asalinsa, ta ɗauro ƙullin kayanta ta tare a gidanmu.

"Mahauci ne ɗan mahauci, jikan mahauci," in ji ta. "Farar riga ba ta wanke wannan. Amadu, gidanmu gidan allo da tawada ne. Tun kakanninmu ba mu taɓa haɗa jini da masu wuƙa ba."

Baba ya shafa gemu ya ce, "Bari mu gani, Yaya." Bai ƙara ba, bai rage ba. Haka yake, sai ya sa mutum ya tsufa yana jiran jimla ta biyu.

Ranar Juma'a da hantsi ina wanke kwalabe, sakatariyar sashenmu Misis Lucia ta leƙo.

"Zubaidatu, waya daga Shika. Yi sauri, ba ta gidanku ba ce."

Na ɗauka, ita kuma ta koma kan tafiretarta tana bugawa a hankali yadda ba abin da zai wuce kunnenta.

"Ranki ya daɗe, shugabar masu flas," in ji Dalhatu.

"Ana jinmu fa."

"To a gaida mai ji. Saurara, gobe Alhaji zai aika gaisuwa gidanku."

"Gobe? Goggo tana nan fa."

"Ya sani. Ya ce gara a yi tana nan."

"Me zai aika?"

"Ya ƙi gaya mini. Ya ce shi ya san abin da ya dace da gidanku. Kina tsoro ne?"

"A'a," na ce.

"Ƙarya kike, Malama. Amma na gode."

Da na ajiye, Misis Lucia ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Ki sa atamfa mai ruwan goro ɗin nan, ta fi karɓar ki."

Ita na sa kuwa. Na kwana a gida, da safe na ɗaura ɗankwalinta, na shafa kwalli, na zauna kusa da Iya ina taya ta kwashe ƙosai. An yi ruwa da asuba, tsakar gida sai ƙamshin ƙasa. Goggo na kan tabarma ƙarƙashin gwanda tana jan carbi, Baba na zaure da littafinsa. A raina ina ta hasko tozo da cinya, irin naman da ake aika wa manya.

Ku da ba ku san al'adar gidajenmu ba, amsar gaisuwa a cikin kwano take. In an juye abin da aka kawo, aka wanke kwanon, aka saka ɗan tukuici aka mayar, to an ce bismilla ke nan. In kuwa kwano ya koma da kayansa yadda ya zo, magana ta mutu, ba sai kowa ya ɓata bakinsa ba.

Rana ba ta gama ɗagawa ba muka ji tsayuwar tasi. Wata dattijuwa, ƙanwar Alhaji Umaru, ta yi sallama ta shigo da wata babbar fanteka mai jan fure a ka, ruwa na ɗiga daga gindinta. Iya ta shimfiɗa mata tabarma, dattijuwar ta ce ina, mota na jira.

"Alhaji na gaida Malam da kyau. Ya ce don Allah a buɗe yanzu, abin ba ya son jira. Irin wanda 'yarku ke zuwa karɓa kwata da asuba ne, yau ya haɗa mata da yawa. Kai shida ya fasa da hannunsa."

Ta juya ta fita da fara'arta. Ita a ganinta ta kawo abin arziki.

Goggo ta miƙe ta ɗage murfin. Ga su nan jere a kan ƙanƙara, an lulluɓe su da farin ƙyalle mai tsabta, ƙwaƙwalwa shida, ko wace da ɗan jan jininta, ba ƙashi ko ƙwaya. Wallahi ban taɓa ganin masu kyau irinsu ba. Ku yafe mini, abin da ya fara zo mini ke nan.

"Amadu!" Goggo ta ƙwala kira. "Fito ka ga gaisuwar surukanka!"

Baba ya shigo, ya tsaya ya dubi fantekar.

Goggo ta ce, "Ko tsoka ɗaya babu! Abin da ake ba almajirai da maraice in kasuwa ta tashi, shi aka aiko wa limami. Wannan ma ƙarami ne. Ka ji abin da matar nan ta ce? Kwata! Da asuba!" Ta juyo kaina. "Ke, sunan uwarmu kika ɗauka kika kai cikin mahauta kina tsallake jini? Boko ne ya ce ki yi haka?"

Iya ta ce a hankali, "Yaya, aikin makaranta ne, na sani..."

"Au, kin sani? To madalla. A rufe, a mayar masa yadda ya aiko, tun ƙanƙararsa ba ta narke ba. Ya sha kayansa."

Baba bai ce a mayar ba. Bai kuma ce a bari ba. Ya dube ni ya ce, "Uwata, da ƙafarki kike zuwa?"

"E, Baba."

Ya gyaɗa kai.

Ni kuwa idona na kan fantekar. Ruwa na bin gefenta yana ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis. Kowane ɗigo zarena ne ke mutuwa. Kuma na san in fantekar nan ta koma da kayanta, ba zan sake iya ɗaga ido in dubi Alhaji Umaru ba, balle ɗansa. Dattijon nan ya ji abin da nake nema, ya ɗauka duk gidanmu abin da muke daraja ke nan, ya lalata kai shida don ya faranta mana. Kuskure ya yi, amma irin kuskuren da ban taɓa samun wanda ya yi domina ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na durƙusa gaban Baba.

"Baba, ku gafarce ni. Abin nan ba ya jira. Zan kai shi makaranta."

"Za ki me?" in ji Goggo.

Na mayar da murfin, na naɗa gammo da gyalen Iya da ke kan igiya, na ɗora fantekar a ka. Nauyinta ya kusa karya mini wuya. Na bi ta zaure na fita, muryar Goggo na bina har bakin titi. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan ajiye.

A tashar motocin zuwa Samaru na samu bas saura mutum biyu. Na zauna na rungume fantekar a cinya, ruwan sanyi na jiƙa atamfata mai ruwan goro.

"Madam, wetin dey inside? E dey leak o," in ji kwandasta da Turancin kasuwa, wai me ke ciki da yake yoyo haka.

"Karatu ne," na ce masa.

Motar ta kwashe da dariya. Dariyar ba ta gama sauka ba wani ya shigo ya zauna a gefena. Ƙamshin turarensa na fara ji. Baba ne, da farar rigarsa da hula, ko carbinsa bai tsaya ɗauka ba. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Haka muka wuce Kwangila, muka miƙa hanyar Samaru, gonakin dawa kore shar dama da hagu. Ina jira ya ce mu sauka mu koma. Bai ce ba.

A ɗakin bincike muka tarar da ƙawata Martina, 'yar Zonkwa, ta zo shayar da waken gwajinta. Da ta ga wanda ke bayana ta yi wuf ta ja ɗankwali ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. Yau muna da babban baƙo." Ta buɗe fantekar ta dafe ƙirji. "Yesu! Zubai, fashi kika yi a kwata?"

"Gaisuwa ce," na ce.

Ta dube ni, ta dubi Baba, ta haɗiye dariyarta. "To Allah ya kawo mana irin surukan nan. Kawo hantsaki."

Muka ba Baba kujerar Dakta, muka duƙufa. Muka tsince jijiyoyin jini da 'yar fatar da ke lulluɓe da kowace ƙwaƙwalwa, muka yayyanka, muka auna, hannuwanmu na daskarewa. Na zuba su cikin injin markaɗe tare da ruwan magani mai sanyi. Na ɗora yatsa a kan makunni, sai na tsaya.

Da zan iya dannawa in ce ban lura ba. Amma ba haka aka rene ni ba.

"Baba," na ce, "in na kunna injin nan, abin ba zai koma ba. Ba sauran abin da za a mayar."

"Na sani, Uwata."

"Goggo ta ce a mayar."

"Na ji ta. Ni ban ce ki kunna ba, ban kuma ce ki bari ba."

Na dubi fuskar mahaifina ko zan samu wata alama, ban samu komai ba. Ya bar mini kayana a kaina. Na yi bismilla a fili, na danna.

Ƙarar injin ta cika ɗakin. Cikin ɗan lokaci gaisuwar Alhaji Umaru ta zama kunu.

Daga nan sai jira. Muka ɗura kunun a kwalabe, muka sa su a injin da ke juya su da gudu cikin sanyi har gari ya kwanta, ruwa ya taso sama. Don kada shirun ya kashe ni, na ɗauko gilashin da na shafa wa saiwar albasa na sa a madubin ƙara girma.

"Baba, ko za ku duba?"

Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Na nuna masa yadda ake murɗa madubin. Ya daɗe.

"Ɗakuna nake gani, jere kamar na 'yan haya."

"Su ne ƙwayoyin. Ku dubi ta tsakiya, wadda baƙaƙen abubuwa suka yi sahu a cikinta."

"Na gan ta. Sun daidaita sahu kuwa." Ya ƙara matsawa. "Akwai wani abu fari-fari da ya riƙo su sama da ƙasa. Mai tumbi." Sai muryarsa ta sauya. "Mazari ne. Mazarin kaɗin Inna ke nan in ya cika da zare."

"Shi zai ja su ya raba, Baba. Kafin ta saƙa shi, sai da ta rushe duk zaren da ke riƙe da ita."

"Ta rushe da kanta?"

"Da kanta. In ba ta rushe ba, ba za ta zama biyu ba. Abin da nake nema shi ne mai ba da umarnin rushewar."

Ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina, sannan ya mayar da hularsa. Ya fita ya yi azahar a gindin dalbejiya, ya dawo ya zauna.

Da ruwan ya fito garau, na ɗiba kaɗan a wata 'yar kwalba na miƙa masa.

"Ku damƙe ta a hannu, Baba. Ɗumin jiki take so."

Ya damƙe, ya sa hannun cikin riga. Ni kuma na raba sauran gida biyu, karo na farko a rayuwata da ya isa a raba. A kwalbar farko na ɗiga enzayim ɗin da na daɗe da tacewa na adana a firji, da ransa. A ta biyu na ɗiga irinsa, amma wanda na tafasa ya mutu. Duka biyun na ba su fosfet daidai wa daida, na tsoma su a ruwan ɗumi. Martina ta tsaya a bayana tana addu'a da yarensu.

"Uwata," in ji Baba, "abin nan ya canza."

Ya buɗe hannu. Ruwan da na ba shi garau ya yi hazo, da ya karkata kwalbar sai ya gangara a hankali kamar koko.

"Zaren ne ya saƙu. Yanzu ku sa ta a ƙanƙara."

Ya tsoma ta a sauran ƙanƙarar fantekar. Bayan ɗan lokaci ta washe, ta koma ruwa. Ya sake damƙewa, ta sake yin kauri. Limamin layinmu guda, yana wasa da kwalba kamar ya samu sabon abin duniya.

Na ciro nawa biyun na ɗaga su saitin taga. Mai mataccen enzayim ta yi kauri, ta yi hazo. Mai rayayyen kuwa hazonta kaɗan ne, da na karkata ta sai ta zubo sakwa-sakwa.

Martina ta daka tsalle. "Ya hana shi! Zubai, ya hana shi saƙuwa!"

"Gwaji ɗaya ne," na ce. "Sai an maimaita." Ban ce na gano sirrin rabuwar ƙwaya ba, kada ku je ku ce na ce. Abin da na daɗe ina zato ne kawai ya leƙo ya dube ni.

Baba ya karɓi kwalaben biyu, ya karkata wannan, ya karkata waccan.

"Da ɗaya ya aiko, da kin ga wannan?"

"A'a, Baba. Ba ta isa a raba."

"Wa ya gaya masa shida kike so?"

Na sunkuyar da kai. Sunan ba zai fito daga bakina a gabansa ba.

"Ɗan nasa," in ji Martina, "mai surutun nan."

Gefen gemun Baba ya motsa. "Ashe mutumin nan ba ni ya gaisar ba. Ni ko tsoka bai tuna da ni ba." Ya ajiye kwalaben a hankali. "Wanke fantekar."

Na wanke ta da sabulu har sau biyu, na goge. Muka fito bayan la'asar. Maimakon tasha, Baba ya ratsa cikin kasuwar Samaru, ina biye da shi da fanteka a hannu da jiƙaƙƙiyar atamfa. Ya tsaya wurin mai goro ya zaɓi farare manya, ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowane. Aka naɗe su a ganye. Ya ɗage murfin da kansa ya saka.

Na dube shi. "Baba..."

"Ban ce na ba shi ke ba, Uwata. Kada ki yi mini gaggawa. Amma abin da aka ci ba a mayar da kwanonsa wayam. Gobe in Allah ya kai mu, bayan asuba, za ki raka ni kwatar nan. Ina so in ga hannun da ya fasa kai shida bai ƙwarzani ko ɗaya ba."

"Da ƙafarku, Baba?"

"Ke da ta wa kike zuwa?"

Muka iso Sabon Gari ana shirin kiran magariba. Tun daga bakin layi na hango baƙar mota a ƙofar gidanmu, na kuma gane ta. A bakin zaure takalma ne jere, na fata, na manya. Goggo ba ta zauna jiranmu haka kawai ba. Ta aika birni, baffannina sun iso.

Na tsaya a ƙofa. Daga ciki na jiyo muryarta tana cewa, "Ai ga su nan. Yanzu za ku gani da idonku, a mayar da abin nan a gabanku."

Na ƙanƙame fantekar, na ɗaga ƙafa zan shiga, don na riga na yanke cewa ko su nawa ne ba zan ce na yi nadama ba. Sai Baba ya miƙo hannu biyu.

"Kawo," ya ce. "Tun safe kike ɗauke da ita."

Ya karɓe ta, ya rungume a ƙirjin farar rigarsa, goron na gangarawa a ciki. Ya tuɓe takalmansa kusa da na 'yan uwansa, ya yi sallama da muryar da yake ta da salla, ya riga ni shiga.